Minti Huɗu

Ƙarfe ɗayan dare a Tartu,
kogi ya daskare har gaɓa,
ni ko ina hawa na uku, daga ni sai allo
sai kofin gahawa da ya gaji da jirana.

Aikin a baki ba wuya:
tsofaffin gidan jinya su yi tattaki,
agogon hannu ya ƙirga taku,
wata saba can ƙetaren teku ta raba maki,
wanda ya kai dubu a liƙa masa tauraro.
Nawa kawai in haɗa zaren.

Da ɗan gari akan ci gari,
sai na ɗauko laburaren da wani ya rubuta.
Ban san fuskarsa ba, ban san garinsu ba,
na dai gane mutum ne mai rowar bayani.
Layi uku ya bar mini:
ki kira ni, ki ba ni lambar shaidarki,
ki ba ni mabuɗin sirri,
ni zan yi miki sallama a ƙofa
in karɓo tikitin awa guda.

Na ba shi. Ya je. Ya dawo.
Ɗari huɗu da ɗaya.
Wato ba a san ki ba.

Na bi mabuɗin harafi-harafi
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
ko sifili ya yi shigar wasali,
ko wani fili ya maƙale a wutsiya.
Na soke shi, na yanko sabo fil.
Ɗari huɗu da ɗaya.
Na rubuta wa Ülo, ya amsa da ido ɗaya:
gobe ma rana ce, Merike, ki kwanta.

Ban kwanta ba. Na farke cikin laburaren.
Ashe duk wasiƙar da zai kai
sai ya buga mata lokaci kafin ya sa hannu,
mai gadin can kuwa minti uku yake yafewa.
Na dubi kusurwar allona,
na dubi wayata.
Tsohuwar kwamfutata ta makara da minti huɗu.
Awa biyar ina zargin mabuɗi,
ashe agogo ne ya ci amanata.

Na saita. Na danna.
Ɗari biyu.
Tikiti ya faɗo, dogo kamar igiyar shanya,
ba wasali ba ma'ana,
amma ban taɓa ganin rubutu mai kyansa ba.

Da safe na tafi da agogon gwaji
ɗaki na sha bakwai, wurin babana Endel.
Shekara talatin da ɗaya yana jan bas zuwa Võru,
ya ce ko sau ɗaya fasinja bai duba agogo dominsa ba.
Da na ba shi labarin minti huɗu
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Muka fita, sandarsa gaba, ni a baya,
baranda, kwana, baranda, sake kwana.
Wajen taga ta ƙarshe hannunsa ya yi ƙara:
tauraro, ruwan zinare, ga sunansa a ƙasa.

Ya ce, wa ya ba ni?
Na ce, wata na'ura.
Ta san ni?
Ta san lambarka.
Ya yi shiru, ya ce, to ki ce na gode,
amma ni ba don ita na fito ba.

Can cikin jakata tikiti ya mutu,
laburaren ya je ya sabunto ba tare da ya faɗa mini ba.
Shi kuwa tsohon ya ja hannun riga ya rufe tauraron,
ya ƙara taku tara da ba wanda ya roƙa,
ya manna goshi a gilashi,
yana neman inda ƙanƙarar kogi za ta fara tsagewa.